Jan Tudun da ke Girma a Jikin Jariri: Yaushe Ake Jira, Yaushe Ake Gaggawa?

Ranar suna babu wanda ya lura da komai. Wanzami ya yi wa jaririya aski ya tattara kayansa, 'yan barka sun karɓe ta hannu-hannu, kowa na yaba hancinta. Mai jego ce kaɗai ta ga wani ɗan wuri a gefen goshi da ya fi sauran fatar haske, kamar an dangwala yatsa an ɗauke, ta ɗauka shatin kwanciya ne. Bayan mako biyu wurin ya yi ja kamar cizon sauro. Kafin a yi arba'in ya taso ya yi tudu kamar ƙwayar gyaɗa, kuma duk wayewar gari sai a ga kamar ya ƙaru. Daga nan shawara ta yi yawa. Kaka ta ce, "Ku bar mata abinta, tawadar Allah ce." Wata maƙwabciya ta ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya tsaga ya fitar. Uban bai ce komai ba, amma ya kwana yana juyi, don a ransa ya riga ya ambaci ciwon daji.

Cikin su ukun, Kaka ta fi kusa da gaskiya, sai dai ita ma rabin gaskiyar ta faɗa.

Likitoci na kiran wannan tudun hemanjiyoma. Kalmar ta fito daga Girkanci, an haɗa "jini" da "jijiya" da "ƙari". Ma'ana, ƙari ne na ƙananan hanyoyin jini waɗanda suka yi ta tsiro a wuri guda fiye da kima har suka dunƙule. Jinin da ke cikinsa rayayye ne, yana shiga yana fita kamar na sauran jiki, saboda haka maganar mataccen jini ba ta taso ba. Ba ya rikiɗa ya zama kansa, wato ciwon daji, ba ya yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi, ba a ɗaukarsa a wurin wani. Shi ne ƙarin da aka fi samu a jikin jarirai, kusan huɗu zuwa biyar a cikin kowane ɗari. Ya fi yawa ga 'ya'ya mata, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba su da nauyi, da tagwaye. An fi ganinsa a cikin fararen fata, amma 'ya'yanmu ma suna yi, kuma a fata mai duhu yakan yi wuyar ganewa da farko. Turawa suna kwatanta shi da 'ya'yan sitiroberi, irin wanda ake nomawa a Jos, saboda jansa da kaushin samansa. A jikin baƙin yaro ya fi yin ja mai duhu ko launin ɗinya. Akwai kuma wanda ke can ƙarƙashin fata, wanda kumburi mai laushi kawai za a gani, da ɗan shuɗi-shuɗi, wani lokaci ma babu wani launi.

Al'ummomi da yawa sun daɗe suna ɗora wa uwa laifin irin wannan alama. Larabawa suna ce mata "wahma", Faransawa su ce "envie", duka biyun ma'anarsu kwaɗayin mai ciki: wai ta yi marmarin wani abu ba ta samu ba, sai siffarsa ta fito a jikin ɗan. Wannan zance ba shi da tushe. Babu abin da uwa ta ci, ko ta ƙi ci, ko ta kalla, da ke jawo shi. Masana har yau ba su kai ƙarshen sanin musabbabinsa ba, amma a shekarar 2000 wata likita a Amurka, Paula North, da abokan aikinta sun gano cewa hanyoyin jinin da ke cikin wannan ƙarin suna ɗauke da wata alama mai suna GLUT1, irin wadda ake samu a hanyoyin jinin mabiyiya. Wannan ya sa wasu ke ganin akwai dangantaka tsakanin su biyun. Ko ba komai sun yi kama a hali: mabiyiya ma tana girma da sauri na wasu watanni, aikinta ya ƙare.

Abin da ke da lokacin girma da lokacin komawa

Halin da ya bambanta hemanjiyomar jarirai da sauran alamomin fata shi ne tana da zango-zango. Yawanci ba a haihuwar yaro da ita a bayyane. Tana fitowa a makonnin farko, ta yi girma da sauri, ta tsaya, sannan ta fara komawa a hankali. Binciken da aka yi da hotunan da iyaye suka ɗauka na 'ya'yansu ya nuna cewa girman ya fi tsananta tsakanin mako biyar da rabi zuwa bakwai da rabi. Mai karatu ya lissafa da kansa: daidai lokacin arba'in ke nan, lokacin da mai jego ke gama wanka, ana shirin komawa ɗaki ko yawon arba'in, hankalin kowa ya tafi wani wuri. Kafin yaro ya cika wata uku, yawancin irin wannan ƙari ya riga ya kai kashi 80 cikin 100 na girman da zai yi, zuwa wata biyar kuma girman ya kusa ƙarewa. Wanda ke ƙarƙashin fata yakan makara wajen fitowa, ya kuma ɗan jima yana girma.

Wajen shekara guda sai a ga jan ya fara dusashewa daga tsakiya, ya yi toka-toka, tudun ya yi laushi ya fara kwanciya. Mafi yawan komawar tana faruwa kafin yaro ya cika shekara huɗu. Tsofaffin littattafan likitanci sun koyar da cewa rabinsu sun ɓace a shekara biyar, kashi 70 a shekara bakwai, kashi 90 a shekara tara, kuma a kan wannan lissafi aka dogara shekaru da yawa ana sallamar iyaye da "ku je, zai baje da kansa". Abin da lissafin bai faɗa ba shi ne, bajewa ba ta nufin fata ta koma kamar babu abin da ya taɓa faruwa. A fiye da rabin yaran da ba a yi wa magani ba, akan bar wani saura: fata mai yaushi kamar balan-balan da aka sace wa iska, ko ɗan tudun kitse, ko siraran jijiyoyi, ko tabo idan wurin ya taɓa yin gyambo. In a baya ne ko a cinya, wa ya damu? In kuwa a kan hanci ne ko a leɓe, yarinya ce za ta girma da shi, ta shiga makaranta da shi, yara su laƙaba mata suna.

Kafin a ci gaba, ba kowane jan tabo ne hemanjiyoma ba. Likitoci da kansu sun daɗe suna cakuɗa sunayen, sai a 1982 da John Mulliken da Julie Glowacki na Boston suka raba su gida biyu: ƙari mai girma ya koma, da kuma hanyoyin jinin da tun a ciki aka halicce su a karkace. Na biyun ana haihuwar yaro da su, suna girma tare da shi, ba sa bajewa. Shimfiɗaɗɗen jan tabon da ke goshin tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, Mikhail Gorbachev, irin wannan ne, ya kuma rayu da shi har ƙarshen ransa. Akwai kuma wata hemanjiyoma da ake haihuwar yaro da ita ta riga ta gama girma. Wata takan baje cikin shekara guda ko makamancin haka, wata ba ta bajewa sam. Maganin da za a yi bayaninsa a gaba ba ya aiki a kan waɗannan. Shi ya sa tambayar farko da likita zai yi ita ce, "Da shi aka haife shi, ko daga baya ya fito?" Uwa ce ta fi kowa sanin amsar.

Waɗanda ba a jira da su

Mafi yawan hemanjiyoma ƙanana ne, a wurin da ba sa tare komai, kuma maganinsu shi ne a sa ido a bar su. Amma kamar ɗaya cikin goma, ko fiye kaɗan, na buƙatar magani, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne wurin da ta fito, fiye da girmanta.

Ido ne kan gaba. Jariri ba ya zuwa duniya da cikakken gani. A watannin farko ne ƙwaƙwalwa ke koyon karanta abin da ido ke aiko mata. Idan tudu a fatar ido ya rufe ido ɗaya na 'yan makonni, ko ya danne ƙwayar idon ya sauya mata siffa, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da wannan idon ta riƙe ɗayan. Bayan shekara uku tudun ya baje, ido ya buɗe tar, lafiyayye a gani, amma ganinsa ya raunana, kuma dawo da shi aiki ne mai wuya. Ko tudun bai fi ƙwayar wake ba, in dai a fatar ido yake, musamman ta sama, likitan ido ya kamata ya gan shi a makon.

Sai wadda ta fito a inda gemu ke tsirowa: haɓa, leɓen ƙasa, gaban kunnuwa da gaban wuya. Irin wannan takan zo da 'yar'uwarta a cikin maƙogwaro, ƙarƙashin inda murya ke fita, wurin da a jikin jariri bai fi faɗin tsinken fensir ba. Alamarta ita ce wani ƙara mai kama da fito idan yaro yana jan numfashi, da kuka a shaƙe, yawanci tsakanin mako shida da wata uku. Ana yawan ɗaukarsa mura ce ko sanyi ya kama ƙirji, a yi ta turare da shafe-shafe. Wannan na asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare ne.

Ta leɓe takan fashe ta hana yaro kama nono. Ta kan hanci da ta kunne suna iya lalata guringuntsi, su bar nakasar da sai tiyata. Ta wurin kunzugu da ta lungun wuya da hammata, inda gumi da fitsari da gugar zane ba sa ƙarewa, su ne suka fi yin gyambo, kuma gyambon yana da zafi ƙwarai, har yaro ya riƙa tsala ihu duk lokacin da ya yi fitsari. Idan saman tudun ya fara yin fari-fari ko toka-toka alhali yaro bai kai wata uku ba, kada a yi murna a ce ya fara bajewa. Sau da yawa alamar yana shirin fashewa ce.

Akwai kuma waɗanda ke nuni ga wani abu a ciki. Yaron da aka ƙirga masa guda biyar ko fiye a fata, ko da ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ana yi masa sikanin ɗin hanta, domin akan sami irinsu a can. Idan suka yi yawa a hanta suna iya wahalar da zuciya saboda yawan jinin da ke ratsa su, suna kuma iya cinye sinadarin da ƙullin maƙoƙo ke samarwa, wanda ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata don ta bunƙasa. Babbar hemanjiyoma da ta mamaye wani yanki na fuska, wadda faɗinta ya wuce santimita biyar, takan zo tare da matsala a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ko zuciya, ko ido. Likita Ilona Frieden da abokan aikinta ne suka haɗa waɗannan alamomi ƙarƙashin suna PHACE a 1996. Wadda ta zauna a tsakiyar ƙugu, saman ɗuwawu, tana sa a duba laka da hanyoyin fitsari.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce irin waɗannan masu haɗari ya kamata ƙwararre ya gan su tun yaro yana da wata ɗaya. A wurinmu akwai dama da ba a cika amfani da ita ba: allurar rigakafi ta mako shida, da ta mako goma, da ta mako goma sha huɗu, duk sun faɗo cikin lokacin girman. Uwa ta buɗe wurin ta nuna wa ma'aikaciyar lafiya, kada ta rufe shi da hula don kunyar idon mutane. Kuma tunda waya ta shiga kusan kowane gida, a riƙa ɗaukar hoton wurin kowane mako, a ajiye tsinken ashana a gefensa don a gane girman. Hoto huɗu a jere sun fi dogon bayani amfani ga likita.

Maganin da aka yi tuntuɓe da shi

Tarihin maganin wannan ƙari yana da darasi ga masu gaggawar taɓa shi. A farkon ƙarni na 20 likitocin Turai sun ƙone shi, sun daskarar da shi, sun yanke shi, sun haska masa radiyam. A birnin Istokholm na ƙasar Suwidin kaɗai, jarirai fiye da 14,000 aka yi wa wannan haskawa tsakanin 1920 da 1959. Da aka bi sawunsu bayan shekaru da yawa, sai aka ga kansar maƙoƙo da ta nono sun ƙaru a cikinsu. An ba su abin da zai iya kisa don a kawar da abin da zai tafi da kansa, garin neman ƙiba an samo rama. Tun a 1938 wani likita a Ingila, W. A. Lister, ya wallafa a mujallar Lancet abin da ya gani bayan ya bi yara shekara da shekaru bai taɓa tudun nasu ba: suna bajewa. An daɗe kafin a saurare shi.

Daga shekarun 1960 aka koma ga magungunan siteroyid, irin su firedinisolon, ga yaran da lamarinsu ya tsananta. Suna tsayar da girman a wasu yaran, amma da tsada: fuska ta kumbura ta yi kamar faranti, girma ya tsaya, jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni. Waɗanda wannan bai yi musu ba akan ba su intaferon, wanda daga baya aka ga yana sanƙarar da ƙafafun wasu jarirai, ko binkiristin, maganin kansa.

Haka ake ciki har zuwa wani lamari da ya faru a asibitin yara na birnin Bordo a Faransa. Wani jariri mai hemanjiyoma a hanci yana shan siteroyid, sai naman zuciyarsa ya yi kauri. Don a taimaki zuciyar aka ba shi furofaranolol, tsohon maganin zuciya da hawan jini wanda James Black, ɗan Sukotlan, ya ƙirƙiro a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1988. Washegari likitar fata Christine Léauté-Labrèze da abokan aikinta suka ga tudun ya sauya launi daga ja wur zuwa shunayya, ya kuma yi laushi. Da wasu ne, da sun ce dacewa ce su wuce. Sai ga jariri na biyu, wanda ƙarin ya rufe masa ido ruf, shi ma zuciyarsa ta buƙaci maganin. Kwana bakwai da farawa ya buɗe idon da kansa. Suka nemi izinin iyayen wasu yara tara suka gwada, duk aka ga sauyi. A watan Yunin 2008 suka wallafa labarin yaran 11 a wata gajeriyar wasiƙa a mujallar New England Journal of Medicine. Ba kasafai wasiƙa mai shafi biyu ko uku ke sauya aikin likitocin duniya ba, amma wannan ta yi.

An bi bayanta da babban gwaji a kan jarirai fiye da 450 'yan wata ɗaya zuwa biyar, aka fitar da sakamakon a 2015. Cikin waɗanda suka sha miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu a kullum har wata shida, kashi 60 cikin 100 tudunsu ya ɓace gaba ɗaya ko ya kusa, alhali cikin waɗanda aka ba ruwan da babu magani a ciki kashi 4 ne kawai. Kashi 88 sun nuna sauƙi tun a mako na biyar. A 2014 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka amince da wani ruwan furofaranolol da kamfanin Pierre Fabre ya haɗa musamman don jarirai, mai suna Hemangeol a Amurka, Hemangiol a Turai. Yadda yake aiki, a taƙaice, shi ne yana tsuke hanyoyin jinin nan take, wanda shi ne sauyin launin da ake gani da wuri, sannan ya rage saƙon da ke sa su tsiro, ya kuma gaggauta mutuwar waɗanda suka yi yawa.

Ana farawa da kaɗan, kamar miligiram 1 a kan kilo a rana, a ƙara a hankali zuwa 2 ko 3, a raba shi safe da yamma da tazarar aƙalla awa tara. Kafin a fara, likita zai saurari zuciya da ƙirji, ya tambayi ko yaro na yin shaƙar numfashi irin ta asma, ko akwai ciwon zuciya a dangi. Bayan shan farko, da duk lokacin da aka ƙara yawansa, akan zauna a asibiti kamar awa biyu ana duba bugun zuciya da awon jini. Da yake nauyin jariri na ƙaruwa kowane wata, dole a riƙa komawa ana auna shi ana gyara adadin. Akan sha aƙalla wata shida, sau da yawa har yaro ya cika shekara, domin idan aka tsaya da wuri tudun yakan sake tasowa. Ko an cika lokacin ma, wasu kaɗan sukan buƙaci a maimaita.

Nan ne nake son in tsaya sosai, domin na san halinmu da kemis. Furofaranolol magani ne mai araha, ana samunsa ƙwaya-ƙwaya, wataƙila ma yana cikin ledar maganin Kaka. Ƙwayar da aka saba gani miligiram 40 ce. Jariri mai kilo biyar da aka ɗora a kan miligiram 2 a kan kilo a rana, miligiram 5 yake buƙata a kowane sha. Ƙwaya ɗaya ta babba ninki takwas ke nan, kuma gutsura ta da farce ko reza ba awo ba ne. Inda babu ruwan da aka haɗa don jarirai, masanin haɗa magunguna na asibiti ne zai auna, bisa rubutun likita. Babban haɗarinsa ga jariri shi ne faɗuwar sukarin jini, kuma maganin yana ɓoye wasu alamomin faɗuwar, sai dai a ga yaro ya yi laƙwas, yana gumi, ya ƙi farkawa, ko ya fara jijjiga. Saboda haka ba a ba da shi sai tare da nono ko bayan an sha nono. Ranar da yaro ke amai, ko gudawa, ko ya ƙi kama nono, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, a dakatar da maganin a tuntuɓi likita. Zazzaɓin cizon sauro da kansa yana saukar da sukari, ba a haɗa masa da wani. Haka idan mura ta sauka ƙirji yana numfashi da fito. Sauran abubuwan da akan gani, kamar sanyin tafin hannu da ƙafa, da rashin barci mai daɗi, da ɗan sakin ciki, ba su kai waɗannan tsanani ba. Wasu likitocin kan zaɓi danginsa, atenolol, wanda bai cika taɓa ƙirji ba.

Ga ƙaramin tudu marar kauri da ke saman fata akwai timolol, wanda asalinsa maganin ɗigawa a ido ne na masu hawan ruwan ido. Ana ɗiga ɗigo ɗaya a kan tudun sau biyu a rana a shafa. Shi ma yana ratsa fata ya shiga jini, don haka ba a yi masa yawa, kuma likita ne zai ce ko ya dace. Hasken leza yana da amfani wajen goge sauran ja da siraran jijiyoyin da suka rage, amma bai wuce milimita ɗaya ko biyu a cikin fata ba, kuma baƙar fata tana shan hasken da aka nufi jini da shi, sai a bar wurin da fari ko baƙin tabo. Yana son hannun da ya saba da fata irin tamu. Tiyata yawanci ana jinkirta ta har tudun ya gama komawa, wajen shekara uku zuwa biyar, a gyara abin da ya saura kafin yaro ya shiga makaranta ya fara lura da fuskarsa.

Game da aska kuwa, wanzami yana da aikinsa da mutuncinsa a cikin al'umma, amma wannan ba wurinsa ba ne. Babu ruwa ko mugunya a ciki da za a fitar. Duk inda aka tsaga, hanyar jini aka tsaga. Sakiya, da ƙaho, da ɗaure gindin tudun da zare, da shafa toka ko kanwa ko man da ba a san haɗinsa ba, duk ƙarshensu ɗaya: gyambon da ke daɗewa bai warke ba, ƙwayoyin cuta, wani lokaci har ciwon tetanus, da tabon da ba zai taɓa gogewa ba a wurin da wataƙila da an bar shi da ya kwanta. Idan a kusa da ido ne, garin neman gira a rasa ido ya tashi daga karin magana ya zama labari. Iyaye kan ji tsoron cewa tudun zai fashe jini ya ƙare. Hakan ba kasafai yake faruwa ba. In ya yi jini, a danna da tsabtataccen ƙyalle minti goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba, in bai tsaya ba a tafi asibiti. A yanke wa yaro farce, a riƙa shafa basilin a kan wadda ke wurin kunzugu, a kuma sauya kunzugun da zarar ya jiƙe.

Idan babba ne aka ce yana da ita

Kalmar takan faɗo wa manya ma, yawanci ba zato. Mace ta je sikanin saboda ciwon ciki ko wani dalili dabam, a miƙo mata takarda an rubuta hemanjiyoma a hanta, ta dawo gida ta kasa cin abinci. Sunan ɗaya ne da na jarirai, amma abin dabam ne: dunƙulen faffaɗan hanyoyin jini ne da wataƙila ya shekara da yawa a wurin, ba ya bajewa, furofaranolol ma ba ya yi masa komai. Shi ne ƙari marar illa da aka fi samu a hanta, ya fi yawa ga mata, yawanci bai kai santimita biyar ba, ba ya zama kansa, kuma mafi yawan masu shi ba su buƙatar magani ko kaɗan. Ba ya hana ɗaukar ciki. Sai wanda ya yi girma ƙwarai har yana danne wasu gaɓoɓi yana sa ciwo ake tunanin yi wa tiyata. Haka waɗanda ake gani a ƙashin baya idan an yi hoto, da jajayen ɗigo-ɗigon da ke fitowa a ƙirji da ciki idan shekaru suka fara ja.

Akwai sharaɗi guda da ya shafe mu fiye da Turawa. Ciwon hanta na hepatitis B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, kuma ƙaramar kansar hanta tana iya yin kama da hemanjiyoma a sikanin na yau da kullum. Wanda yake ɗauke da wannan ƙwayar cuta, ko hantarsa ta riga ta ƙanƙance, ko ya taɓa yin kansa a wani wuri, ba a tsayawa a kan sikanin ɗaya a ce masa ya je ba komai. Sai an yi masa hoton CT ko MRI, irin wanda ake zuba ruwan launi a jijiya a ga yadda jini ke cika ƙarin daga gefe zuwa tsakiya, sannan a tabbatar da sunan.